Amsa ga mai son ƙaro wa akunsa abokin zama

Assalamu alaikum. Malam, ka ce akunka ya shekara 4 a gidanka, kuma tun da ka koma wuni a shago ya fara ihu da rana yana tsige gashin ƙirjinsa, shi ya sa kake tunanin sayo masa abokin zama, ko wani aku, ko tsirya, ko kanari, ka haɗa su a keji ɗaya. Na fi shekara 15 ina kiwon tsuntsaye a gida, kuma irin wannan tunanin ya taɓa kai ni ga kuskuren da har yau nake jin ciwonsa, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Shawarata ita ce kada ka sayi tsuntsu na biyu sai idan kai da kanka kana son sa, kuma ka tabbata za ka iya ɗaukar ɗawainiyarsa ko da akunka ya ƙi shi har ƙarshen rayuwarsu. Wannan yana nufin keji na biyu, da abinci na biyu, da wani lokacin da za ka ware daga ɗan abin da shago ya rage maka. Aku da ya tashi a cikin mutane ya riga ya ɗauki maigidansa a matsayin ɗan'uwansa, saboda haka abin da ya rasa a yanzu kai ne, kuma baƙon da za ka shigo da shi yana iya zame masa kishiya maimakon aboki.

Akuna na gaje shi ne daga kawuna a 2009, lokacin ya riga ya haura shekara 20. A 2014 na ga yana yawan shiru, sai na sayo tsirya ina ganin na yi masa gata. Kwana huɗu da zuwanta na buɗe mata ta ɗan miƙe fuka-fukai a ɗaki, ta tashi ta sauka a saman kejinsa. Ina tsaye a wurin ya hau ƙarafan daga ciki cikin natsuwa, ba ihu ba fuffuka, ya cafke yatsarta ta tsakanin ƙarfe biyu. Kafin in kai hannu jini ya ɗiga a kan takardar da ke shimfiɗe a ƙasan kejin. Na naɗe ta a tawul, na danna garin sitaci a wurin har jinin ya tsaya, na kai ta wajen likitan dabbobi, amma yatsar ba ta tsira ba. Bakin da ke tsaga katako ba ya jin ƙashin ƙaramin tsuntsu, shi ya sa nake roƙonka ka cire batun keji ɗaya daga ranka gaba ɗaya, musamman idan kanari ne.

Idan aka zo ga zaɓi, kanari ne mafi sauƙin ɗauka, domin ba ya neman a riƙe shi ko a yi masa hira, gero da acha da ɗan ganye da ruwa mai tsabta sun ishe shi, kuma idan ka rataye kejinsa nesa da inda aku zai iya kaiwa, kukansa yana cika gida ya rage wa akun shirun rana. Namiji ne ke rera kuka, kuma idan aka haɗa shi da mace yakan rage. Tsirya tana da kyau da wayo, amma tana da ƙara mai kaifi, tana buƙatar keji mai faɗi saboda dogon wutsiyarta, kuma tana da ƙarfin halin tunkarar tsuntsun da ya fi ta, wanda shi ne ya ja wa tawa. Idan mai sayarwa ya nuna maka ƙarama ya rantse namiji ne, ka sani zoben wuyan da ke bambanta namiji ba ya fitowa sosai sai ya kai shekara 2 zuwa 3.

Wani akun shi ne kaɗai zai iya zama abokin zama na gaskiya, wanda za su riƙa gyara wa juna gashi, amma shi ne nauyi mafi girma. Aku yana kai shekara 40 zuwa 60 a hannun mai kula, wato kana ɗaukar amanar da wataƙila 'ya'yanka ne za su ƙarasa, kamar yadda na karɓa daga kawuna. Namiji da mace kamarsu ɗaya, ba a tabbatar da jinsi sai da gwajin jini ko na gashi, kuma ko ka dace da mace babu tabbacin za su shirya. Idan kuwa suka shaƙu, ka shirya ganin akunka ya ja baya da kai, yana iya rage magana, har ya cije ka idan ka matso kusa da ita. Mutane da yawa ba sa lissafa wannan sai ya faru.

Akwai kuma batun inda akun ya fito, wanda ba na jin ya halatta mu kawar da kai daga gare shi. Aku mai ruwan toka da jan wutsiya tsuntsun kurmi ne, daga dazuzzukan kudu da Kamaru da Kwango ake kamo shi, kuma da yawa suna mutuwa a hanya kafin su iso kasuwa. Kamun ya yi yawa har a Ghana ya kusa ƙarewa, kuma a taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu a 2016, aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Wanda aka kamo da girmansa za ka gane shi, domin yana gurnani yana maƙalewa a lungun keji idan mutum ya matso, kuma yakan yi shekaru bai saki jiki ba. Ka dubi idonsa ma, na ƙarami baƙi-baƙi ne, na babba kuwa ya koma ruwan ɗorawa mai haske, don haka kada a sayar maka da tsoho da sunan ɗan tsako. Idan lallai aku kake so, ka nemi wanda ya riga ya saba da gida, a wurin mutanen da kiwonsa ya fi ƙarfinsu ko maigidansa ya rasu.

Ko wanne ka zaɓa, sai ka killace shi a wani ɗaki dabam na kwana 30 zuwa 45 kafin ya shaƙi iska ɗaya da akunka. Wannan darasin ma da hasara na koye shi. A wani hunturu na sayo kanari a kasuwa, lafiyayye a ido, na rataye shi kusa da guda uku da nake da su, kuma cikin kwana 10 biyu suka kumbura gashi suka sauka ƙasan keji suka mutu, shi kuwa baƙon yana nan yana kuka. Tsuntsu yana ɓoye ciwo, kuma a kasuwa ana jera kejinsa kusa da kaji da tantabaru. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 ya kamata kowa ya san hatsarin wannan, ga kuma cutar da ke lalata baki da gashin aku, da wata da ke kama mutum da zazzaɓi da tari ta hanyar ƙurar busasshen kashinsu. A kwanakin killacewar ka riƙa fara ba wa akunka abinci da ruwa, sannan ka je wajen baƙon, ka wanke hannu, kuma kada su yi tarayya a kwano ko tsumma. Ka duba kashinsa kowace safiya, ka duba hancinsa da idonsa, ka lura ko wutsiyarsa tana motsi sama da ƙasa idan yana numfashi, ka kuma shafa ƙashin ƙirjinsa, idan ya yi tsini kamar wuƙa to tsuntsun ya rame.

Bayan haka sai ka kawo kejin ɗaki ɗaya, wannan a kusurwa wancan a kusurwa, ka riƙa matso da su kaɗan-kaɗan cikin makonni, ba tare da sun kai inda baki zai isa ba. A kullum tsohon ɗan gida za ka fara gaisarwa, shi za ka fara miƙa wa gwanda ko ɗanyar masara, domin aku yana lura da wannan sosai. Ranar da na manta na fara da tsirya, sai da nawa ya huda mini babban yatsa.

Amma ni da zan ba ka shawara a matsayin ɗan'uwa, da ka ɗage sayen wata biyu ka fara bincika dalilin tsigar gashin, domin kaɗaici ɗaya ne kawai daga cikin dalilai. Ka kai shi likitan dabbobi ya duba fatarsa da lafiyarsa, idan kana kusa da Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Idan gyaɗa ce kaɗai abincinsa, ka rage ta ka ƙara gwanda da gwaiba da karas da ganyen zogale, ka kuma guji gyaɗar da ta yi funfuna, sannan kada ka taɓa ba shi piya domin guba ce gare shi. Busasshiyar iskar hunturu tana sa shi ƙaiƙayi, don haka ka riƙa fesa masa ruwa da hantsi idan rana ta ɗaga. Ka nisanta shi da hayaƙin maganin sauro da turaren wuta, ka bar shi ya samu barcin sa'a 10 zuwa 12 a wuri mai duhu, ka ba shi ɗanyen reshen gwaiba ya riƙa gwaguya. Sannan ka mayar da kejin inuwar tsakar gida, inda zai riƙa ganin iyalinka suna kai da komo suna yi masa magana, ka kuma ware masa ko da rabin sa'a bayan sallar asuba da wani rabin bayan magariba.

Akuna da tsiryar nan sun fi shekara 10 a rumfa ɗaya, tsakaninsu taku uku, kuma ba su taɓa shiga keji ɗaya ba. Da asuba ita ke fara kira, shi kuma ya amsa mata da irin muryarta, amma har yau idan na buɗe wa ɗaya sai na tabbata ɗayan yana rufe, na kuma ɗora faifai a saman kejinsa. Ka gaya mini abin da kake ba naka a kullum, da inda kejinsa yake ajiye, da watan da ya fara tsigar, in sha Allahu daga nan za mu gane inda ya kamata ka fara.