Tambaya da Amsa: Baƙo da Shago a Akra

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan Nijar ne daga yankin Tawa, ina zaune a unguwar Nima a Akra, kuma na daɗe ina yi wa wani maigida aiki a kasuwar albasa, tun tana Agbogbloshie har aka mayar da ita Adjen Kotoku a 2021. Na tara ɗan jari ta hanyar adashe, ina so in tsaya da ƙafata. Wani abokina ɗan Gana ya ce in kama shago da sunansa, ni kuma in riƙa juya kuɗina a ciki. Me kake gani?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa nemanka albarka. Amma maganar kama shago da sunan wani, ban goyi bayanta ba ko kaɗan, kuma zan gaya maka dalili.

Dokar zuba jari ta Gana ta 2013, wadda hukumar bunƙasa zuba jari ta ƙasar, wato GIPC, ke kula da ita, ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a kasuwa, da talla, da ƙananan tireda, da aski, da wasu sana'o'i makamantansu. Ta kuma ce baƙon da ke son harkar saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan 1 kuma ya ɗauki 'yan Gana aƙalla 20 aiki, sannan ta ɗora laifi a kan duk wanda ya ba baƙo hayar rumfa a kasuwa. Da wannan doka 'yan GUTA, ƙungiyar 'yan kasuwar Gana, suka kafa hujja lokacin da aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. Gwamnati ta yi maganar gyara dokar, don haka ka taka da kanka zuwa ofishin GIPC ka ji inda aka kwana, kada ka dogara da jita-jita.

To, ka duba halin da za ka shiga. Takardar haya da sunansa, rajista da sunansa, lambar MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da masu saye ke turo kuɗi ma wataƙila tasa ce. Ba na zargin abokinka, mai yiwuwa mutumin kirki ne, amma ranar da Allah ya karɓi ransa, magadansa za su lissafa shagon cikin gado, kuma ba ka da kotun da za ka je, domin da bakinka za ka fara shaida cewa ka kauce wa doka. Dattawan Zango ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako 2 su bar ƙasar. Da yawa sun bar dukiyarsu a hannun amintattu, kuma ba kowa ne ya dawo ya same ta ba.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, ƙarfinka ba a rumfa yake ba. Kai ne ka san manoman Galmi, garin albasa na Nijar, ka san buhun da zai jure tafiya da wanda zai fara tsiro kafin a sauke shi, kana jin ƙanshin mota ka gane ko ruwa ya taɓa kayan. Wannan sani abokinka ba shi da shi. Ka zauna da maigidanka ku yi magana ta fahimta, ka roƙe shi ya saka maka buhunanka a cikin motarsa da sharaɗi bayyananne, a rubuce, a gaban shaidu biyu daga shugabannin kasuwa. Haka fataken goro suka yi ta yaye yaransu tun zamanin Salaga, tsohuwar kasuwar goro ta arewacin Gana: yaro ya fara da ƙaramin kaso a cikin kayan maigida, har ya kai ga ɗaukar nasa. Ka yi sallama da maigidanka cikin mutunci, domin a wannan harka sunan da ya tsaya maka a bakin dillalai ya fi abin da ke aljihunka nauyi.

Ka kuma kalli motocin da ke komawa arewa. Dokar nan ba ta ɗora wancan babban jari a kan kamfanin da aikinsa fitar da kaya waje kaɗai ba, kuma goron Gana har gobe yana da kasuwa a ƙasar Hausa.

Abu biyu ke karya sabon ɗan albasa. Na farko bashi: mata masu sari za su ɗauki kaya su ce sai sun sayar, ita kuwa albasa ba ta jira, don haka ka riƙe littafi, kuma kada ka bayar da abin da asararsa za ta durƙusar da kai. Na biyu canji, domin da sefa kake saye, da sidi, kuɗin Gana, kake sayarwa. A 2022 darajar sidi ta faɗi ƙwarai, hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin 100 a watan Disamba, kuma wanda ya ajiye cinikinsa wata guda ya koma Nijar ya tarar ribar ta narke. Ka riƙa lissafa ribarka da kuɗin da za ka sake sayo kaya da shi.

Kafin duk wannan, ka gyara takardunka: izinin zama daga hukumar shige da fice, da katin shaida na baƙi. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wannan ya ƙara zama dole a kanka.