Tallafin kuɗi ba ya sa talaka lalaci

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ɗan majalisar nan yana da gaskiya da ya ce tallafin kuɗi na sa talaka lalaci. Ban yarda ba. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara ba naƙasassun Jigawa naira 7,000 duk wata. A ƙauyenmu na wajen Ringim na ga makahon da ya daina bara saboda kuɗin nan, ya sayi akuya, matarsa ta kama dakan gero. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin taki da na kai amfanin gona kasuwa sun gagari ƙaramin manomi. Wanda ya wuni a gona da yunwa, wallahi ba malalaci ba ne. A dai biya shi kai tsaye, kada kuɗin su bi ta hannun 'yan siyasa.