Filin Tambayi Manomi: Yadda Kabewa Ke Ƙasaita a Bayan Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ce Maman Sadiku daga Mabera nan Sakkwato. Na ga hoton wata kabewa a Facebook wadda sai da aka kawo motar ɗaga kaya kafin aka ɗauke ta, dan Allah gaskiya ne ko haɗi ne? Muna da ɗan hili bayan gida, bara na shuka ta yi yaɗo ta cika wurin amma sai hure take tana zubarwa, daga ƙarshe 'ya'ya uku na samu kamar ƙoƙo. Ni burina in samu babba wadda in na yanka zan aika ma surukata da maƙwabta da ƙawayena kowa ya yi taushe. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Sadiku, Allah ya cika miki wannan buri. Irin hoton da kika gani akwai shi da gaske. Wani iri ne da ake kira Atlantic Giant, wani manomi ɗan Kanada mai suna Howard Dill ne ya yi shekaru yana zaɓen iri har ya fitar da shi, kuma a 2023 wani Ba'amurke Travis Gienger ya kai tasa gasa a Kalifoniya aka auna kilo 1,247, kin ga ta fi buhun shinkafa mai kilo 50 guda 24 nauyi. Amma fa wannan ta gasa ce ba ta tukunya ba, ruwa ne ya cika ta, salam take ba garɗi, kuma ba ta jure zafi irin namu. Ke da kike son surukarki ta ci tuwon shinkafa da taushe ta sa miki albarka, tamu ta gida za ki nema.

Ki shiga kasuwa ki sa a yanko miki daga kabewar da ta fi kowace girma, mai kaurin tsoka wadda cikinta ya yi ja sosai, ki dafa ki ɗanɗana tukuna, in ta yi miki sai ki ware 'ya'yan da suka cika fam, ki wanke ki shanya a inuwa. Lokacin shuka biyu ne, ko dai ƙarshen Yuni zuwa Yuli in damina ta zauna, ko kuma Oktoba zuwa farkon Nuwamba in kuna da rijiya ko bohol. Wata 3 zuwa 4 take ɗauka, toh ki lissafa kar furenta ya faɗo cikin Maris da Afrilu lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, a irin wannan rana fure zubewa kawai yake. Ki haƙa rami kamu ɗaya da ɗan ƙari faɗi da zurfi, ki cakuɗa ƙasar da bokiti 2 ko 3 na takin shanu ko na tumaki wanda ya ruɓe ya huce, ɗanye ƙona saiwa yake, kuma ƙasarmu mai rairayi ce in ba taki ba ta riƙe ruwa. Ƙwaya 3 za ki saka, in sun yi ganye huɗu ki bar mai ƙarfin ki cire sauran.

Maganar zubar fure kuwa, kabewa fure iri biyu take yi a jiki ɗaya. Namiji shi ke fara fitowa, yana da siririn kara dogo, kuma dama shi zubewa zai yi ko me kika yi masa. Macen in kika duba ƙarƙashinta za ki ga wani ɗan kumburi kamar goriba ƙarama, wannan shi ne kabewar. Da safe take buɗewa kuma rana ɗaya tak take yi, in ƙudan zuma bai kawo mata garin namiji ba a wannan safiya shi kenan sai ɗan kumburin ya yi rawaya ya faɗi, kuma cikin gari zuma ta yi ƙaranci. Don haka ke za ki yi aikin. In gari ya fara haske bayan asuba ki tsinko namiji biyu da suka buɗe, ki zare musu rawayan ganyen ya rage tsinken tsakiya, za ki ga gari na manne miki a yatsa, sai ki goga shi a hankali cikin tsakiyar macen ta ko'ina. Bayan kwana uku zuwa huɗu in ya kama za ki ga ɗan yana sheƙi yana ƙara kumburi.

Sai abin da ya fi wuya a zuciya, wallahi ni ma har yau sai na daure nake yi. In 'ya'ya biyu ko uku suka kama suka kai girman ƙwallo, ki zaɓi guda ɗaya mai lafiya da ke kan uwar yaɗo ki yanke sauran, duk wanda ya sake fitowa ma ki cire, saboda abincin da ganye ke haɗawa ya tafi wuri ɗaya. Su ma masu gasar nan haka suke yi. Ƙananan da kika yanke ba asara ba ne, suna shiga miya. Sannan duk gaɓar da ganye ya fito a jikin yaɗon ki ɗan rufe ta da ƙasa mai laima, nan take fitar da sabuwar saiwa ta ƙara jan ruwa. Ki zuba rairayi busasshe ƙarƙashin kabewar kar ta kwanta a laka, ki yi mata 'yar rumfa da tsohon zane ko buhu. Ruwa a gindi za ki riƙa zubawa ba kan ganye ba, kuma kar ki yi mata yau akwai gobe babu. Na taɓa yin tafiyar kwana biyar aka bar tawa ba ruwa, da na dawo na cika mata kwari don tausayi, kwana biyu tsakani na tarar ta tsage tun daga wuya, ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Kar ki cika mata yuriya, ganye kawai za ta yi ta yi. Kuma ki kewaye wurin da zana saboda awaki da kaji.

Tambaya: Malam barka da aiki, Aminu ne daga Kwalkwalawa. Tawa tana kamawa amma sai in ga ɗan ɗigo a jiki, ta ruɓe, in na fasa sai tsutsa.

Amsa: Malam Aminu wani ƙuda ne ke huda fatar tun tana laushi ya saka ƙwai ciki. Da zarar ta kama ka sa mata rigar tsohon gidan sauro ka ɗaure bakin sako-sako har fatar ta yi tauri, waɗanda suka ruɓe kuma kar ka jefar gefen lambu, ka binne su da zurfi don daga nan sabon ƙudan ke tasowa.

Tambaya: Yaya zan gane ta nuna, kuma tana ajiyuwa? Daga wata 'yar uwa a Arkilla.

Amsa: Hajiya ki duba wuyanta, in ya bushe ya yi kamar itace kuma farce ba ya shiga fatar, ta yi. Ki yanke da sauran wuya kamar tsawon yatsa, kar a ɗauke ta da shi don in ya ɓalle ta nan ruɓa ke shiga. A inuwa mai iska kan katako tana yin watanni, amma ranar da aka sa mata wuƙa a rabar da ita ranar, abin da ya rage a yanka sirara a shanya.