Tambaya da Amsa: Tsohuwar Marsandi, daga Regular zuwa V-boot

Wasiƙun wannan wata sun taru ne a kan tsofaffin Marsandi guda biyu: W123, wadda aka fi sani da Regular, da aka ƙera daga 1976 zuwa farkon 1986, da ƙanwarta W124, wato V-boot, da ta fito a ƙarshen 1984 ta ci gaba har 1995. Ga waɗanda muka zaɓo.

Tambaya: An yi mini tallar Regular 230E ta 1983 da kuma V-boot 230E ta 1990, kuɗinsu kusan ɗaya. Wacce zan ɗauka, kuma me zan fara dubawa?
Daga wani mai karatu a Zariya

Amsa: Malam, ɗauki wadda bodinta ya fi lafiya. Injinsu dangi ɗaya ne, M102 mai silinda huɗu, lita 2.3, kuma ana samunsa a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Inji ana sauke shi a ɗora wani cikin kwana biyu. Bodin da tsatsa ta cinye kuwa ba shi da magani sai walda a kan walda.

Mutane kan ce ai Arewa ba ta da tsatsa. Haka ne, amma yawancin motocin nan sun yi shekaru a Turai suna taka gishirin da ake barbaɗawa a titi lokacin ƙanƙara kafin su iso mana ta Kwatano ko Legas. Saboda haka ka je da tocila da ƙaramin maganaɗisu. Fara da ramuka huɗu da ake soka jak a gefen mota. Danna kewayensu da sukudireba, in ƙarfen ya lotsa to ya ruɓe daga ciki. Ɗaga batir ka dubi farantin da yake zaune a kai, domin asid na cinye shi, ruwan sama kuma ya bi ta nan ya sauka ƙarƙashin kafet. Ɗaga kafet ɗin gaba da na baya, ka taɓa soson da ke ƙasa. A but, cire safaya ka leƙa ramukan gefe biyu. A V-boot akwai wurare biyu da suka fi haɗari: kofin da sifirin ɗin gaba yake tokarewa a sama, wanda in ya ruɓe yakan ɓalle motar ta durƙusa, da wuraren da aka ɗaure gadon ƙafafun baya a jikin bodi. Maganaɗisun kuma na gano aikin fanel-bita ne: duk inda ya ƙi kamawa, an cika wurin da foti.

Sai inji. Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa injin ka ji da sanyinsa. In ta tashi da ƙarar kacau-kacau daga gaba na ɗan lokaci, sarƙar tayimin ce ta saki. M102 na farko-farko sarƙarsa layi ɗaya ce, kuma ta fi saurin miƙewa. A ƙarshen shekarun 1980 aka koma mai layi biyu. Buɗe murfin zuba baƙin mai ka haska, za ka ga wacce ce. Agogon baƙin mai ya kamata ya buga 3 da zarar an taka totur, kuma in inji ya yi zafi yana silo, lafiyayye ba ya sauka ƙasa da 1 sosai.

Kada ka ba agogon kilomita gaskiya. Ɗan haƙorin roba da ke juya shi yakan karye, motar ta yi shekaru tana tafiya lamba na tsaye. Lambar bodi ita ce abin dubawa: Regular 230E tana farawa da 123.223, V-boot 230E kuma 124.023. In takarda ta ce wani abu bodi ya ce wani, bar musu kayansu.

In duka biyun lafiyarsu ƙalau, V-boot ta fi daɗin doguwar hanya, ta fi shiru, ta ɗan fi tsimin mai. Regular ta fi sauƙin gyara kuma darajarta tana hawa, domin a Jamus motar da ta cika shekara 30 tana samun lambar tarihi mai harafin H, masu sha'awa kuma suna neman kayanta. Ga mai hawa kullum, mu V-boot za mu ce. Sai dai a yi hattara da na 1992 zuwa 1995, irin su E220 da E280 da E320: rigar wayoyin injinsu tana bushewa ta marmashe kamar ƙanzo, wayoyi su haɗu su ƙone kwamfutar inji. Wanda zai sayi irin wannan ya tsaga rigar wayar kaɗan ya gani da idonsa.

Tambaya: V-boot ɗina 230E tana ɗaukar zafi in na shiga cunkoso. Bakanike ya cire tamostat, ya ce na ƙasar sanyi ne. Ta yi sauƙi kwana biyu, yanzu ta dawo. Mene ne abin yi?
Daga wata mai karatu a Kaduna

Amsa: Hajiya, a mayar da tamostat ɗin nan tun kafin gasket ya ƙone. Wannan magana ta “na ƙasar sanyi ne” ta kashe injina da yawa. Tamostat na Marsandi aiki biyu yake yi. Idan ruwa ya kai kusan digiri 87 yakan buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda kuma ya toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji kai tsaye. In babu shi, wannan gajeriyar hanya a buɗe take har abada, sai wani kaso na ruwan ya riƙa zagayawa cikin inji bai taɓa ganin lagireto ba. Da safe kuma injin ba ya saurin kai zafin aikinsa, sai ya riƙa shan mai fiye da kima, fetur yana wanke baƙin man jikin silinda.

Ainihin ciwon yana ɗaya daga cikin waɗannan. Fankar M102 tana da kuloci na lantarki wanda ke kamawa idan zafi ya kai wajen digiri 100. A bar motar tana silo a tsaya a gani: in allura ta wuce 100 fanka ba ta kama da ƙarfi ba, a duba makunnin zafi da ke saman inji, da fiyus, sannan kulocin kansa. Na biyu, lagireto da ya toshe da ƙasa daga waje, musamman tsakaninsa da kwandensar AC, inda ganye da ƙurar hunturu ke taruwa. A raba su a wanke daga baya zuwa gaba. Na uku, toshewa daga ciki, wadda ruwan rijiya ko na burtsatse ke jawowa. In inji ya yi zafi aka kashe shi, a shafa fuskar lagireto. Inda aka ji sanyi a tsakiya, bututun wurin a toshe yake. Na huɗu, murfin ruwa. An buga masa lamba 120 ko 140, ma'ana matsin da ya kai 1.2 ko 1.4 a ma'aunin matsi da ake kira bar, kuma in robarsa ta mutu ruwa zai tafasa da wuri. Shi ne mafi araha a cikinsu, kuma shi aka fi mantawa.

In an gama, a zuba kulan rabi, ruwan batir rabi. Kulan ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Kan injin na alminiyom ne, ruwa zalla yana cinye shi. A kuma lura da wuyan lagireto na sama, roba ce, in ta tsufa takan karye ba sallama. Allura tsakanin 80 da 90 a hanya, ta taɓa 100 a cunkoso da AC a kunne, wannan ba ciwo ba ne.

Tambaya: Ina da 240D. In na kashe makulli injin ba ya mutuwa sai ya ga dama, ƙofofi kuma sun daina kulle kansu.
Daga wani mai karatu a Maraɗi

Amsa: Alhaji, matsala ɗaya ce ta fito ta kafa biyu. Injin gas na Regular, OM616 a 240D da OM617 a 300D, ba lantarki ke kashe shi ba, zuƙar iska ce. Akwai famfo a gaban inji da ke zuƙe iska daga cikin siraran bututu. In ka juya makulli, zuƙar takan bi bututu mai ruwan ƙasa zuwa wani bawul a bayan famfon gas, ya ja ya datse mai. Wannan zuƙar ce dai ke kulle ƙofofi ta bututu masu ruwan ɗorawa, ita ce kuma ke taimakon burki. Ko'ina iska ta samu kafa, duka sai su yi rauni.

Kafin a gyara, in ya ƙi mutuwa, buɗe bonet ka danna ɗan hannun da aka rubuta wa STOP. Gwajin kuma mai sauƙi ne. Cire bututun ɗorawa da ya nufi cikin mota ka toshe bakin da ya rage. In injin ya koma mutuwa nan take, yoyon yana cikin ƙofofi, ko murfin tanki, ko but, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. In bai canza ba, zare bututu mai ruwan ƙasa daga bawul ɗin: ka ga baƙin mai a ciki, fatar bawul ta yage. Wurin sa sabo a tabbatar ƙugiyarsa ta kama inda ya dace a cikin famfo, domin in ta kuskure injin na iya ɗaukar gudu ya ƙi tsayawa. A ajiye katako kusa don toshe bakin shan iska in hakan ta faru. Idan kuwa burki ya yi tauri, famfon zuƙar ne da kansa, kuma ba a jinkiri da shi, don in boris ɗinsa ya watse cikin sarƙar tayimin yake zubawa.

Tunda kana da wannan inji, ga abin da aka fi sakaci da shi: setin bawul. Ba ya saita kansa, kuma tsukewa yake yi da tafiya, shi ya sa motar ke wahalar tashi da sanyin hunturu. Kowane kilomita 20,000, inji da sanyi, milimita 0.10 a bawul na shiga, 0.30 a na fita.

Tambaya: V-boot ɗina tana tashi lafiya da safe, amma in ta yi zafi na tsaya rabin awa sai na daɗe ina murza ta. An ba ni shawara in cire injekta in sa kafireto.
Daga wani mai karatu a Jos

Amsa: Malam, kada ka yarda. Za ka biya kuɗi a rage mata ƙarfi, a ƙara mata shan mai, a kuma zubar mata da daraja. Tsarin man V-boot irin su 230E, KE-Jetronic na kamfanin Bosch, da matsin mai yake aiki, bar 5.3 zuwa 5.5. In an kashe inji, dole wani matsi ya saura a bututu don kada zafi ya mai da fetur tururi. Abubuwa biyu ke riƙe shi, duka a ƙarƙashin mota ta baya kusa da famfon mai: wani ɗan gwangwani mai sifirin a ciki da ake kira akumuleta, da ƙaramin bawul a bakin famfo da ke hana mai komawa. A ɗaura agogon matsi, a kashe inji, a jira minti 30. In ya faɗi ƙasa da bar 2.5, ɗayansu ya mutu, ko kuma nozul suna ɗiga. A canza filtar mai a lokaci guda.

Wanda tasa ke wahalar tashi da safe, silo yana rawa, fitilar ABS tana kamawa, shi ya leƙa bayan batir. Akwai rile mai fiyus na amfiya 10 a kansa, ana ce masa OVP, shi ke ba kwamfuta wuta, kuma dalmar cikinsa takan tsage. Sannan fulogi: marasa rizisto ake sa wa waɗannan injina, tazara milimita 0.8, domin rizisto yana cikin hular waya tun daga kamfani. Akwai kuma wani ɗan sukurun saita mai a saman rabon mai wanda hannun bakanike ke ƙaiƙayin taɓawa. Kowa ya murza shi ba tare da na'urar awo ba, ya ƙara wa Borno dawaki ne.

Tambaya: Wane baƙin mai ya dace, kuma yaushe ake juye?
Daga wani mai karatu a Katsina

Amsa: 15W-40 ga na gas, 15W-40 ko 20W-50 ga na fetur. Da irin ƙurarmu, juye kowane kilomita 5,000 tare da filta. 230E tana cin kusan lita 5, 300E kusan 6, 240D kusan 6 da rabi, amma sandar awo ce alƙali. Giya mai sarrafa kanta tana son man Dexron II ko III da sabuwar filta kowane kilomita 60,000, a kuma kwance ɗan kusoshin kwanbata, wato tulun mai da ke tsakanin inji da giya, a zubar da na cikinta, in ba haka ba rabin tsohon man ne kawai ya fita. Man burki DOT 4, kada ya wuce shekara biyu.

Tambaya: In na sa giya sai in ji “ƙwas” a ƙasa, a hanya kuma kujera tana karkarwa.
Daga wani mai karatu a Gusau

Amsa: Shiga da ita rami a dubi fayafayan roba biyu da ke haɗa farfela, ɗaya a bayan giya, ɗaya a gaban difarensha. In an ga tsaga ko zare ya fito, a canza nan da nan, domin in na gaba ya tsinke a guje farfela takan fasa gidan giya ta daki ƙasan mota. A duba boris ɗin tsakiya da robarsa, da mazaunin inji. Kafin a raba farfelar gida biyu a yi mata alama da fenti, a mayar da ita daidai yadda aka same ta, in ba haka ba karkarwar za ta fi ta da.