Tambaya da Amsa: Yaya ake amfani da kalmar "sleep" ta Turanci?

Tambaya: Malam, ina koyon Turanci, kuma kalmar "sleep" tana rikita ni, domin wani lokaci ina ganin "slept", wani lokaci "asleep" ko "sleepy". Shin duk ma'anarsu ɗaya ce? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, tushensu ɗaya ne, amma kowace da gurbinta. "Sleep" tana zuwa a matsayin suna, wato barci, tana kuma zuwa a matsayin aikatau, wato yin barci, kuma idan aikin ya riga ya wuce sai ta koma "slept", ba a liƙa mata "ed" kamar yadda ake yi wa yawancin aikatau. "Asleep" tana nuna halin wanda barci ya riga ya ɗauke, shi ya sa ake cewa "the baby is asleep", sai dai ba a sanya ta kafin suna, a nan "a sleeping baby" ake cewa. Ita kuwa "sleepy" ta wanda yake jin barci ce, yana hamma yana gyangyaɗi, amma har yanzu idonsa biyu.

Ki kuma bambanta kwanciya da barci, kamar yadda muke yi a Hausa. Mutum yana iya hawa gado da ƙarfe 10, wato "go to bed", ya yi ta juye-juye, barci bai sace shi ba sai ƙarfe 12, wato "fall asleep". Idan ya wuce lokacin tashi har ya makara, "oversleep" ke nan.

Inda nake so ki fi yin hattara shi ne jimlolin da ma'anarsu ta bar barci. Wanda ya ce miki "sleep on it" yana nufin ki bari abin ya kwana kafin ki yanke shawara. "Sleep with" kuwa sau da yawa sakaya zance ce ta saduwar namiji da mace, saboda haka idan ɗaki kawai kuka kwana da wata, ki ce "we shared a room". Haka nan "put to sleep", idan dabba ake magana, tana nufin likita ya yi mata allurar da za ta kashe ta don a hutar da ita daga ciwo. Uwar da ta kwantar da ɗanta gara ta ce "I put him to bed".