Amsa ga mai tambaya kan cin dim sum a Guangzhou

Alhaji, ka ce abokin cinikinka ɗan Sin ya gayyace ka cin dim sum, kana tambaya wanne za ka ci, wanne za ka bari. Na daɗe ina zuwa garin sayo kaya, ga abin da na sani.

Dim sum abincin mutanen Guangdong da Hong Kong ne, ana cinsa da shayi tun daga safe zuwa azahar. Kaɗan-kaɗan ake kawo shi cikin 'yan kwandunan gora, yana tururi, kowa ya sa hannu.

Damuwata ita ce alade, don a gidan abinci na gama-gari yana ɓuya inda ba ka zata ba. Siu mai (ɗan ƙunshin nama a ɓawon fulawa) da char siu bao (burodin da ake turarawa da gasasshen nama a ciki) kam kowa ya san naman alade ne. Mai yaudarar shi ne har gow. Ɓawonsa na sitacin alkama da na rogo ne, siriri har kana hango jatan landen ciki, sai ka ɗauka lafiya lau, alhali masu girki da yawa suna cakuɗa shi da kitsen alade don ya yi taushi. Lo mai gai, shinkafa mai danƙo da ake naɗewa a ganyen bado, da sunan kaza ake sayar da ita, amma sau da yawa akwai tsiran alade a ciki. Hatta dan tat, ɗan kek ɗin ƙwai, akan murza ɓawonsa da man alade. Ga kuma giyar shinkafa da ake jiƙa nama da ita.

Don haka kada ka tsaya zaɓe a teburi. Tun kafin ranar ka faɗa masa kai Musulmi ne, ya kai ka wurin da ke da alamar 清真, wato halal. Ba zai ji haushi ba, in sha Allahu. A Guangzhou akwai gidan abincin Huimin Fandian a titin Zhongshan Liu, kusa da tsohon masallacin Huaisheng. In ka tsallaka Hong Kong, ka hau hawa na 5 a Masallacin Ammar da ke unguwar Wan Chai, akwai wurin cin abincin halal a can.

A can ka ci har gow da zafinsa, ka gwada cheung fun, lallausan naɗin garin shinkafa da ake zuba wa miyar waken soya. Ƙafar kaza ma kada ka raina ta, wallahi narkewa take a baki. In an zuba maka shayi, ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu, godiya ke nan a wajensu. Ku je da wuri, don da rana ta yi wasu kalolin sun ƙare.