Amsa daga ƙarƙashin mota a Suwame

Malam, na ga tambayarka a kan hoton da na sa, wanda nake kwance ƙarƙashin motar Turawa mai ɗaki a ciki. Abu biyu ka haɗa: wai me ya sa muka jera katako kamar masu gina rumbu alhali ga jak, sannan wai mu mutanen Kumasi da sauran Hausa a jikinmu kuwa. Ta biyun ta fi sosa mini rai, amma bari in fara da mota.

Ta wasu Jamusawa ce, mata da miji, sun biyo ta Maroko da Muritaniya da Senegal har Gana. Babbar motar kaya ce aka ɗora wa gida, da gado da banɗaki da tukunyar gas. Sifirin na baya ya karye, aka nuna musu Suwame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, don a ƙasar nan motar da ta gagara nan ake kawo ta. Kafin mu taɓa jak sai da na sa suka zubar da ruwan tankunansu, domin kowace lita kilo guda ce, kuma ruwa yana gangarawa ɓangaren da mota ta karkata. Muka rufe gas, makulli ya shiga aljihuna. Muka kai ta kan siminti, muka sa weji gaba da bayan tayoyin gaba, saboda birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, da sun bar ƙasa kuwa ba abin da ke riƙe da ita.

Jak aikinsa ɗagawa kawai. Mai ne a cikinsa, ɗan zoben roba ke tsare da shi, ranar da ya fashe ba ya sallama. Ƙafafun nan na ƙarfe da irin waɗannan motoci ke saukarwa don gado ya daidaita, su ma haka. Mai motar ya ce in dogara da su, na ƙi. Katako mai tauri muke gicciyawa, biyu nan biyu can, har ya taɓa ƙashin motar, sai a sassauta jak nauyi ya zauna a kai. Bulon siminti ba ma sa shi ko kusa, farat ɗaya yake rugujewa. In mai balan-balan na iska ce maimakon sifirin, sai an fitar da iskar ko an tokare, don tiyo ɗaya ya huce ta zauna a ƙirjin mutum. Daga nan mu uku mu jijjiga ta. In ta motsa, a sake.

Ka ce a wajenku bisimilla da dutse ɗaya sun isa. Ban yarda duk makanikan Ƙofar Ruwa ta Kano haka suke ba. Mu ma muna bisimilla, kuma Annabi (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ƙanen mahaifina da damina ya shiga ƙarƙashin motar katako, jak a kan jar ƙasa mai laima. Ƙasar ta lotsa a hankali, ba wanda ya lura. Shekara goma sha ɗaya ya yi a kan tabarma kafin Allah ya karɓi abinsa, ni nake kai masa koko da ƙosai da safe. Mahaifina bai ƙara barin yaro ya shiga ƙarƙashin mota ba sai ya zagaya ta da kansa.

Mastan da ya koya wa mahaifina aiki Ba'asante ne, kuma 'yar ƙanwarsa ce ta haife ni. Na san nan za ka ce ka gano bakin zaren. Ta musulunta kafin aure, ta yi aikin hajji, ita ke tashinmu asuba. A wajen Asante ɗa na dangin uwa ne, a wajenmu na uba ne, don haka ni ba ɓangaren da ya bar ni. In an yi rasuwa a ƙauyensu nakan je in zauna da su, abin da addini ya hana in kauce masa, ba su taɓa tilasta mini ba. Me ya ragu a nan?

Kakan mahaifina fataken goro ya biyo daga Kano zuwa Salaga, a arewacin Gana ta yau. Bayan yaƙin 1892 da ya watsa kasuwar garin, gidanmu ya yi ta ƙaura har ya tsaya a zangon Kumasi. A 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Goggona tana cikin waɗanda suka hau mota zuwa Najeriya, ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Can kuma aka riƙa ce mata 'yar Gana har ta rasu. Mahaifina bai iya ba da labarin nan ba tare da ya yi shiru a tsakiya ba.

Gaskiya ne Hausarmu ta zango ba ta rarrabe mace da namiji kamar taku, za ka ji an ce "yarinya ya zo", kuma Turanci da Tuwi, harshen Asante, sun shiga cikinta. Ni rediyo da karatu suka gyara mini rubutu, 'ya'yana kuwa tasu suke yi, ba na kuma jin kunya. Ka zo unguwar Aboabo ko Asawase a nan Kumasi da azumi ka ji tafsiri da wane harshe ake yi. Waken da Gana duka ke ci da shinkafa sunanmu yake amsawa, "waakye" suke ce masa, kokon ma "Hausa koko" suke kiransa.

Abin da ke damuna shi ne in mun zo Kano ziyara, kafin a tambayi lafiyar gida an fara sa yara su maimaita magana ana dariya. Ƙaramar 'yata ta ce ba za ta sake zuwa ba, ina nan ina lallashinta. Jamusawan dai kwana huɗu suka yi, muka sauke motar a hankali, katako ɗaya bayan ɗaya, suka nufi Togo.